Karan da Aka Gwada Ni da Shi

Litinin, da hantsi. Farkon Safar, shekara ta 1291 bayan Hijira

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya bar mini idanu da yatsu bayan Ya karɓi ƙafafu.

Ni ne Maharazu. Har yanzu Malam ake ce mini a nan Tungar Ɗorawa, ko da yake na daɗe ban biya wa kowa karatu ba. Jiya na zazzage gafakata na tarar da ragowar takardu na zamanin da nake kwafar littattafai a Maska. Bayansu fari ne. Tun rasuwar matata Kulu ba ni da wanda nake gaya wa yadda yini ya wuce, to bari in riƙa gaya wa takarda.

Da damina na zame a bakin rijiya, ƙuguna ya tafi. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa. Yanzu ba na tsayuwa, ba na iya zama, sai kwanciya a gefe ɗaya a zauren nan, fuskata na kallon hanya. Da abin ya tabbata, mai unguwa Ummaru ya tsayar da mutane bayan sallah ya raba kwanaki: kowane gida da ranar da zai aiko mini da tuwo. Ya kuma ware mini damin dawa daga cikin zakka. Aƙilu, ɗan ƙanwar matata, shi ke juya ni safe da yamma, ya fitar da kasko, ya yi mini wanka ranar Juma'a. Ban haife shi ba. Wanda na haifa ya bi ayarin Gwanja, kuma ba zan rubuta wannan ba yau.

Uwata ta hore ni cewa ba a mayar wa mutane akushi wayam. Ba ni da goro, ba ni da kaza. Rama nake samu in tufka igiya, duk akushin da ya zo in naɗe guntuwa in saka a ciki. Alhamdu lillahi.

Talata, bayan azahar

Hajo ce da tuwo yau, uwar Aƙilu. Tun daga bakin zaure ta fara.

"Angona, ka tashi, ko sai an kira makaɗa?"

Na ce, "Amarya ce ta makara."

"Da Yaya Kulu ta ji maganata da ba ta auri mai tawada a gemu ba. Buɗe baki. Miyar kuka ce, ba ta bukatar haƙori."

"Ai ke na fara nema, aka ce bakinki ya fi ƙarfin gidanmu."

"Da ka same ni da yanzu kana tafiya da ƙafarka, don da kaina zan kore ka gona."

Ta zauna har na cinye. Ta ɗauki igiyar ta ja ta da ƙarfi, ta ce ba laifi, za ta ɗaure akuyar da ta fi ni jin magana.

Alhamis, da la'asar

Wani mai jaki ya biyo daga wajen Dayi, bai ko sauke kaya ba. Ya sha ruwa a tsaye, ya yi magana da maza a gindin ɗorawa. Daga nan ina ganin hannunsa yana nuna arewa. Da ya wuce babu wanda ya koma aikinsa.

Na san irin wannan tsayuwa. Na gan ta ina saurayi.

Juma'a, da hantsi

Wanka. Aƙilu ya haɗa ruwan da ɗumi. Yana cuɗa mini baya na tambaye shi labarin mai jaki, ya ce, "Maganar kasuwa ce, Baba." Hannunsa bai ce haka ba.

Lahadi, da hantsi

Inno ta zo da nono. Bafillatana ce daga rugar bayan rafi, ba ta cikin rabon kwanaki, ita ta sa kanta. Ta dama mini fura da hannunta, ta ce mazansu sun fara maganar kora shanu kudu, wajen Dandume.

Na ce, "Da bazara haka, ruwa bai sauka ba?"

Ta ce, "Malam, sha furarka."

Na sha. Ta yi daɗi ƙwarai. Na ba ta igiya mai kauri saboda maruƙa.

Litinin, da la'asar

An ga hayaƙi. Ba na ƙonan daji ba ne.

Talata, bayan la'asar

An daɗe a masallaci. Daga baya Ummaru ya shigo ya zauna a bakin tabarmata, ya cire hula ya sake sawa.

Ya ce saƙo ya zo daga Malumfashi: mahara na tafe, duk na ƙauyuka su shiga cikin ganuwa kafin watan nan ya mutu. Kowa ya ɗauki abin da zai iya, a bar sauran.

Na ce, "To, Allah Ya kiyaye hanya. Ni ina cikin sauran."



Na ƙara da cewa, "Mai unguwa, ka ji ni da kyau. Jakunan garin nan ba su da yawa. Hansai makauniya za ta hau ɗaya, ita tana iya zama. Ni ko an ɗora ni sai in zubo kamar buhu. Kowane namiji kansa na hatsin 'ya'yansa ne. A ajiye mini tulu kusa da hannu da ɗan gari, a ja mini asabari. Kulu tana bayan gidan nan. Ba zan bar ta ba."

Ya ce, "Allah Ya kai mu lokacin, Malam." Ya tashi.

Na ji daɗi da bai yi mini musu ba. Na rubuta cewa na ji daɗi.

Laraba, da azahar

Akushi ya zo daga gidan Shitu maƙeri. Ɗanwake. Alhamdu lillahi. Ana ta daka a kowane gida, ba irin dakan tuwon yini ba.

Alhamis, bayan azahar

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Zafi ya sa na lumshe ido. Ban yi barci ba. Na ji an shigo a hankali, na gane takun Aƙilu. Ya tsaya a kaina. Sai na ji wani abu ya taɓa tafin ƙafata. Na buɗe ido kaɗan ta ƙarƙashin gira. Karan dawa ne, dogo, an fere ganyensa. Ya shimfiɗa shi a gefena daga dunduniya har ƙeya, ya sa babban yatsa inda kaina ya ƙare, ya ƙara ɗan taƙi, ya karya. Sa'an nan ya gitta shi a kafaɗuna. Ya fita da shi a bayansa kamar wanda ya ɗauko abin wani.

Na yi wa mutane da yawa wannan gwajin da hannuna. Ni na gwada mahaifin Aƙilu. Ni na gwada Kulu, na miƙa karan ga masu haƙa. Ban taɓa ganin an yi wa mai numfashi ba, amma ban taɓa ganin gari ya tashi ya bar mai numfashi ba kuma.

Daga baya na gane hikimar. Idan sun tafi babu mai haƙa. Sun ga gara su tanada tun suna nan, wataƙila wani ya leƙo bayan kwana biyu ya ƙarasa. Da ba su yi tunanin ba, da kuraye ne.

Allah Ya yi wa yaron nan albarka. Har da ƙarin taƙi, don kada wurin ya matse ni.

Alhamis ɗin dai, gab da magariba

Aƙilu ya zo juya ni. Ban tayar masa da maganar karan ba. Abin kunya ne in sa shi ya faɗa da bakinsa.

Juma'a, da hantsi

Ana haƙa a bayan gida. Ina jin diga tana cin ƙasa, ƙasar bazara mai tauri. Ta gefen Kulu ne. Na gode, na gode.

Asabar, da la'asar

Inno ta zo sallama. Gobe za su kora. Ta ajiye ƙwarya cike da nono da ɗan curin man shanu, ta ce in riƙa shafa wa gefen da nake kwanciya a kai kada ya yi gyambo. Ta riƙa maimaita wa Aƙilu, kamar shi ne bai sani ba.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Me ka ci nawa ban da fura?" Ta ce da kaka za ta dawo ta same ni na yi ƙiba.

Na ce in sha Allahu. Ba ƙarya ba ce, tunda na ce in Ya so.

Lahadi, da hantsi

Aƙilu ya kawo rama dami guda ya zube.

"Baba, igiya nake so. Doguwa, mai ƙarfi, wadda za ta ɗaure tukurwa ba ta saki ba."

Na ce, "Tukurwa guda nawa?"

"Dogaye biyu, da gajeru a gicciye."

Na ce, "Na gane."

Ya dube ni da sauri. "Ka gane?"

"Na gane, ɗana. Zan yi maka wadda ba za ta ba ka kunya a gaban mutane ba."

Sai ya yi murmushi, ya ce ai ya gaya wa Inna ba a ɓoye wa Baba abu. Ya fita da sauƙin zuciya. Na yi mamakin murmushin, amma yaro ne, nauyi ya sauka daga kansa.

Ban san wani da ya tufka igiyar makararsa da kansa ba. Ni Allah Ya ba ni. Zan yi ta riɓi uku.

Litinin, da azahar

Tufka. Tafin hannuna ya yi ja.

Talata, bayan la'asar

Akushi bai zo ba.

Ranar gidan su Bature ce. Ashe sun tashi tun da asuba, ba su jira kowa ba, suna da ƙananan yara. Ban ga laifinsu ba. Na rubuta ban ga laifinsu ba, kuma ina so ya zama gaskiya. Tun azahar nake kallon hanya. Duk wanda ya gitta da abu a ka sai in gyara kwanciya.

Haka zai zama ke nan, kullum, bayan sun tafi. Hanya da rana da ƙudaje. Na ɗauka na shirya. Yunwar yini ɗaya ta nuna mini ban shirya ba.

Da yana nan, shi da ya tafi Gwanja.

A'a.

Talata, da magariba

Hajo ta shigo da kunu tana faɗa tun daga waje, wai an bar mata miji da yunwa kamar ba shi da gata. Sai yanzu ta ji. Ta ba ni da ludayi, tana hura kowane ɗaya. Ta ce daga yau ba ruwanta da rabon kwanaki, ita za ta riƙa leƙa akushin da idonta.

Na ce ta buɗe adudun da ke kusurwa. Akwai farin ƙyalle a ƙasa, saƙar Kafur, tare muka saya da na Kulu. Na ce ta ajiye shi inda hannu zai kai ba sai an nema ba.

Ta warware shi ta duba. Ta ce, "Wannan zai yi. Da ma ina tunanin abin da za a rufa maka." Ta naɗe ta saka a hammata ta tafi da shi.

Ko hawaye babu. Hajo mace ce mai ƙarfin zuciya. Na so dai a ce ta ɗan yi jim.

Laraba, da hantsi

Na gama igiya. Aƙilu ya taka gefe ɗaya ya ja da hannu biyu, ba ta ko yi ƙara ba. Ya ce ba za ta isa ba, amma kada in damu, ya san inda zai samo ƙari.

Na ba shi gafakata ya kai wa liman. Ya karɓa, ya ce zai saka ta a wajen kaina. Na ce ba a yin haka, littafi na masu rai ne. Ya ce, "To, Baba," irin amsar da ake ba tsoho.

Na riƙe takardun nan da tawada.

Alhamis, da la'asar

Gobe za a tashi, in ji masu wucewa. An ga hayaƙi kuma, ya matso.

Na yafe wa kowa. Na karanta abin da na saba. Ina roƙon Allah Ya saka wa gidajen garin nan ɗaya bayan ɗaya, na bi su da suna tun daga gidan mai unguwa har bukkar Hansai. Sun ciyar da ni daga damina zuwa bazara, ba wanda ya taɓa ajiye akushi da ƙarfi. Wanda ya sami wannan bai da abin cewa.

Tsoro kaɗan ne. Yana zuwa yana tafiya.

Lahadi, da hantsi. Malumfashi

Sai yau na iya ɗaukar alƙalami.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba na ji garin ya tashi: jakuna, awaki, kukan yara. Na juya fuska ga bango don kada su ga ina kallo. Sai aka yi sallama. Ummaru ne da Aƙilu da Shitu maƙeri da waɗansu, Hajo a bayansu. Suka shigo da makarar suka ajiye a gefena. Tukurwa biyu dogaye, gajeru a gicciye, an shimfiɗa tabarma da buzu a kai. An lanƙwasa tsumagu a sama kamar baka, an ɗaura farin ƙyallena a kansu.

Na ce, "Mai unguwa, ku yi haƙuri. Ban riga na cika ba."

Suka dubi juna.

Na ce, "Na so in sauƙaƙa muku, Allah bai nufa ba. Ku ajiye ta nan kusa. Ramin ma na ji an gama. Ku tafi kada rana ta yi."

Aƙilu ya ce, "Wane rami, Baba?"

"Na bayan gida. Na ga karan, ɗana. Ba barci nake yi ba."

Sai Hajo ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kukan ne ya zo a ƙarshe. Dariya ce.

Ta ce, "Kun ji malamin. Ya karanta littattafan Maska duka, bai san gado ba in ya gan shi."

Aƙilu bai yi dariya ba. Ya durƙusa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Baba, kwana takwas kana kwance kana zaton kabarinka nake haƙa? Kana ba ni igiya?" Ya ce karan na tsawon gadon ne, kada ƙafafuna su yi lilo. Ramin kuwa na hatsinsa ne. Ya binne dawarsa, shi da Shitu da sauran, tunda kafaɗa ba ta ɗaukar abu biyu.

Na ce to wannan ne ba zan yarda da shi ba. Hatsin yara a ƙasa saboda tsohon ƙashi. Na ce na faɗa wa mai unguwa tun farko.

Ummaru ya ce, "Ka faɗa, na ji. Shi ya sa Hajo ta ce kada a gaya maka, za ka cika mu da hujja. Malam, da aka raba kwanakin nan ba a ce sai ranar da ya yi sauƙi ba. Yau Juma'a, ranar gari duka ce."

Na ce, "Kulu fa?"

Hajo ta share ido. Ta ce, "Yaya ba ta zuwa ko'ina, za ta jira. Da za ta iya magana cewa za ta yi a kwashe ka ta huta. Ku ɗauke shi."

Da suka ɗora ni na kai hannu na shafa ɗaurin. Na san tufkata. Sabuwar tana wajen kai. Sauran kuwa guntaye ne an ƙulla su baki da baki, wata ta yi baƙi da hayaƙi, wata tana warin akuya. Aƙilu ya bi gida gida ya karɓo. Duk abin da na saka a akushi tun damina, ga shi a ƙarƙashina.

Hajo ta ja ƙyallen ta rufe ni daga rana, ta ce, "Yi kukanka a ciki, ba mai gani."

Hanyar ba zan rubuta ta duka ba. Maza suna karɓar juna. Wanda ya sauke ni ya ɗauki yaron wani. Mun ratse ta cikin rafi mun bar babbar hanya, kuma akwai inda aka ce kowa ya yi shiru, har awaki aka riƙe wa baki. Mun wuce wata tunga da na sani. Ba zan rubuta ba.

Da la'asar muka iso ƙofar gari. Masu zama a bakin ƙofa suka ga maza huɗu da dogon abu a kafaɗa, an rufe da fari. Suka miƙe tsaye. Ina jin salati ta ko'ina, wani yana cewa Allah Ya jiƙan Musulmi, waɗansu suka biyo bayanmu don neman lada. Wani dattijo ya matso ya sa kafaɗa ya karɓi Shitu, yana tambaya a hankali, "Namiji ne ko mace?"

Na ɗaga ƙyallen na ce, "Namiji ne. Sannu da ƙoƙari."

Bai sake ni ba, Allah Ya saka masa. Amma ya yi wata ƙara da ban taɓa jin dattijo ya yi ba.

Talata, bayan azahar

A zauren wannan dattijon aka sauke ni. Shi ya nace, wai tunda ya fara ɗauka sai ya ƙarasa. Mutanenmu sun watsu a gidaje. Hatsi ya yi ƙaranci, tuwon ya ragu, na lura Aƙilu yana cewa ya ci a waje. Ba a san ranar komawa ba, ba a san ko za a tarar da ramin yadda aka bar shi ba. Wannan yana kaina, ina kai shi gaban Allah kowace sallah.

Jiya Ummaru ya zauna da mai unguwar nan, sun sake raba kwanaki, ni da Hansai da wata tsohuwa ta nan da ba ta da kowa. Yau akushi ya zo daga gidan da ban san sunan mai shi ba. Na mayar da shi wayam, kunya ta ishe ni. An ce gobe za a samo mini rama.

Laraba, da hantsi

Na tambayi Aƙilu karan. Ashe yana nan, an soke shi a jikin gadon. Na ce a jingine mini shi a kusurwa, ranar da za a bukace shi ba sai an sake wahala ba.

Hajo tana dama kunu a bakin zaure. Ta miƙa hannu ta karɓa, ta karya shi a gwiwa, ta tura a murhu.

Ta ce, "In ranar ta zo a sake gwadawa. Wa ya sani ko ka ƙara tsawo."

Sillen saman kawai ta rage, ta jefo mini a kan tabarma. Ta ce alƙalamina ya daɗe da mutuwa, rubutuna ya koma kamar tafiyar kaza.

Aƙilu ya ara mini wuƙa na fere shi. Yana shan tawada da kyau. Da shi nake wannan rubutu.

Alhamdu lillahi. An kawo ramar.